Tekun Bayan Ganuwa

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa bayan ganuwa, da na fito sai ƙafata ta ja ni wurin da muke kira teku a zamanin samartakarmu. Na tsaya ina waige-waige kamar baƙo a garin da aka binne cibiyata. An cike kududdufin da ke wurin, an jera shagunan masu sayar da waya a kansa, kowane shago da tasa lasifikar tana kururuwa. A ɗaya daga ciki an kunna rediyo, irin shirin nan da ake bugo waya a yi gaisuwa, sai na ji wata mata tana gaida ɗanta na fari. Ta faɗi sunansa ɓaro-ɓaro, ta haɗa da na ubansa, ta ce shi ne sanyin idonta. Mai gabatarwa ya yi mata godiya aka wuce ga na gaba, masu shaguna ko kai ba su ɗaga ba. Ni kaɗai na sunkuyar da kai a bakin titi, da furfurata da komai, kunya ta rufe ni kamar ni aka kama da laifi.

Ni ɗan fari ne, kuma yaran yanzu ba su san nauyin wannan ba. A gidanmu na cikin birni, Inna, mahaifiyata, ba ta kiran sunana. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, a can na yi wayo, a tabarmarta nake kwana. In Inna tana da magana da ni, sai ta dubi bango ko turmi ta ce, "Ku ce ma wancan tuwo shina hucewa." In baƙi suka tambaye ta yara nawa gare ta, daga ƙanwata take fara lissafi. In na shiga ɗakinta gaisuwa, nan take za ta tuna da abin da ta ɗora a murhu. Alkunya ke nan, haka ta taras ana yi, haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, kuma a lokacin mace da ita ake gane tarbiyyarta. Ina iya tuna duk ƙarar gidan nan: lugude tun da sassafe, guga tana dukan bakin rijiya, tattabarun babana a kan azara, mai tallar fura tana ja wa muryarta wutsiya a lungu, ladan yana kira da maƙogwaronsa ba na'ura. Aikina shi ne jan ruwa in cika randuna, in yi wa akuyoyi harawa, in share zaure kafin manya su fito. A cikin wannan hayaniya sunana yana bakin kowa, daga mai wanki har makwabta, ban da baki ɗaya. Kuma wannan bakin ɗaya shi nake kasa kunne in ji.

Ina ƙarami abin bai dame ni sosai ba, don Kaka ta cika mini ciki da kunne. Sai da na je kwalejin horon malamai na dawo da wando mai faɗin ƙafa da kai cike da boko, sannan na fara ganin abin a matsayin rashin wayewa, kuma can ƙasan zuciya, rashin ƙauna. Na taɓa yi wa Kaka ƙorafi. Ta yi dariya har goron bakinta ya faɗo, ta ce, "Kai angona ba ka da godiya. Mi kake nema a bakinta? Ba ga ni ba ina kiran ka sahe da yamma, har na gaji da sunan ga naka?" Na yi dariya don kada ta ji babu daɗi, amma na tashi da abin a raina.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su miƙa wa farar hula mulki, Katsina ba ta zama jiha ba tukuna, amma garin ya ɗauki zafi kamar mu za a ba kujerar. Motoci masu lasifika suna zagaya unguwanni, tutocin jam'iyyu a kan kowace bishiya, kowane zaure ya zama majalisa. Mutanen da suka yi shekaru suna magana ƙasa-ƙasa sai ga su suna ɗaga murya a bakin kasuwa. Abu ɗaya ne bai canza ba, gidajen rediyo duk na gwamnati ne, abin da aka ba su shi suke karantawa. Yau da kowane yaro ke da tasharsa a aljihu, ba zai gane yadda wannan yake ci mana rai ba.

Ina da aboki Isiya, ma'aikacin gidan waya, wanda aka taɓa tura shi kwas Ingila. Hannunsa ba ya ganin waya ya ƙyale. Shi ya ba ni labarin da ya juya mini kai. Ya ce a can, lokacin yaƙin duniya, an kafa wasu gidajen ƙarfe a tsakiyar teku a kan dogayen ƙafafu, soja na zama ciki suna harbin jiragen saman abokan gaba. Da yaƙi ya ƙare aka watsar da su, sai tsatsa da tsuntsaye. Daga baya wasu samari suka hau da na'urorinsu, suna watsa kiɗa da surutu, hukuma tana ji tana cizon yatsa, don ikon dokarta bai kai tsakiyar ruwa ba. Na ce masa, "Mu ina muka ga teku?" Ya ce, "Taho in gwada maka."

Bayan ganuwa akwai wani tsohon sito na dutse da sojan Turawa suka gina a wancan yaƙin, aka bar wa jemagu. Magina sun yi shekaru suna haƙar ƙasa kewaye da shi, don haka in damina ta kankama sai ruwa ya zagaye shi, ya zama tsibiri. Isiya ya ɗaure gangunan mai da katako muka samu jirgi. Ya harhaɗa na'ura da cikin tsofaffin rediyo, ya jawo waya ya ɗaura a tsinin rufi, muka ɗauko batirin mota. Shi ne mai na'ura, ni ne mai baki. Tsakanin la'asar da magariba muke buɗewa, lokacin da maza ke zaune a ƙofar gida, mata na aikin tuwon dare. Sai in kara gwangwanin madara a baki, in shaƙe murya ta hanci, in ce, "Nan Tsakiyar Teku, inda hannun hukuma ba ya kaiwa. Kyaftin ke magana." In yanayi ya yi kyau har Batagarawa ana kama mu, in hadari ya taso ko ƙarshen birni ba mu kaiwa.

Abin maganar da Isiya ya samo ba ya da zaɓe, komai ya ji sai ya kwasa. Kwaɗin kududdufi suka zama abokan aikinmu, na gaya wa masu sauraro kukan dabbobin ruwa ne. Wata rana jakin wani mai ɗiban ƙasa ya saki haniniya a tsakiyar sharhina, na ce jirgin ruwa ne ke neman hanya. Abin mamaki, mutane suka yarda, ko kuwa suka so su yarda. A teburin mai shayi an yi ta gardama kan wane teku ne, har wani tsohon soja ya rantse ya ga gidan rediyon da idonsa daga cikin jirgi a hanyarsu ta zuwa yaƙin Bama. Ina zaune a gefensa ina kaɗa shayi ina gyaɗa kai. Na tsokani masu neman kujera, na yi wa masu ɓoye kananzir shaguɓe, na gaida 'yan mata da sunayen unguwanninsu. Kaina ya kumbura ƙwarai, ina ganin garin nan kaf babu mai wayona.

Wata rana da rana na shiga gaida Inna, na tarar tana wasa da autanmu, tana kiran sunansa tana jan kumatunsa. Da na durƙusa na gaishe ta sai fuskar ta koma bango, ta amsa wa bangon a gajarce. Ba sabon abu ba ne, amma ranar ya soke ni. Na tafi teku da zafina, na ajiye zancen siyasa na ɗauko na gida. Na ce, "Jama'a, ga shi soja sun sakar mana baki, amma a garin nan akwai iyaye mata da har yau nasu bakin a ɗaure yake. Mace ta haifi ɗa da cikinta, ta kasa faɗin sunansa, sai ka ce sato shi ta yi." Ban tsaya nan ba. Na siranta murya na kwaikwayi maganarta, "Ku ce ma wancan, ku ce ma wancan." Isiya yana ta yi mini alama da hannu in bari, ban kula shi ba. Washegari samari suka ɗauki kalmar a gari, kowa ya ga abokinsa sai ya ce ku ce ma wancan, a fashe da dariya. Ni kuwa na ji daɗi, don a ganina na faɗi gaskiyar da ba wanda ya taɓa faɗa, kuma na faɗe ta daga inda ba mai gane ni.

Tsokanar 'yan siyasa ita ta jawo mana ido. Kowace jam'iyya ta ce abokiyar hamayyarta ce ta kafa tashar, aka yi ta kai ƙara, har wani da ke wanke babur a bakin kududdufi ya lura da wayar da ke kan rufin sito. Babana akawu ne a wani ofishin gwamnati can GRA, mutum mai tsoron abin da zai taɓa masa aiki, kuma bai san komai a kan Kyaftin ba. Abin da ya faru a gida ranar da aka zo kama mu, daga baya Kaka ta ba ni labari. Ya dawo daga ofis yana alwalar la'asar a tsakar gida, ya ce, "Yau dai tekun nan za shi ƙahe. Ashe tsohon siton soja ne na bayan ganuwa. 'Yan sanda na jiran su buɗe su kama su a kai, kuma wanda aka kama sai gidan yari." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Yaran gida duk sun tafi makarantar allo, Kaka kuwa gwiwa ta daɗe da hana ta fita. Inna ta ajiye rariya, ta jawo mayafi. Matar da tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka ƙofar zaure da rana ba, kuma ba ta taɓa fita ba da izini ba, ta fita ba ta ce wa kowa komai ba.

Ina tsakiyar zuba sai Isiya ya leƙa ta taga ya raɗa mini cewa ga wata mata a bakin ruwa. Na yi masa alama ya share, don ƙa'idarmu ce ba ma amsa kowa. Na ji ana cewa, "Kai! Kai wancan!" Na ɗauka cikin masu tsokana ne da suka ɗauki kalmar a gari, har na yi murmushi na ci gaba. Aka sake kira, ban tanka ba. Sai na ji ƙarar ruwa kamar an shigo cikinsa da ƙafa. Na ja numfashi zan ɗora wata magana, a cikin wannan ɗan shirun muryar ta shigo ta taga, ta shiga abin magana, ta fita duk inda ake kama mu.

"Lawal! Lawal! Ka hito, ga 'yan sanda nan tahe!"

Isiya ya fizge wayar batir, amma an riga an ji. Gwangwanin ya faɗi daga hannuna. Ban taɓa jin wannan suna a wannan murya ba, amma ban yi shakkar ko wace ce ba. Na leƙa, ga Inna tsaye cikin kududdufi ruwa har gwiwa, ta riƙe mayafi da hannu ɗaya. Tun ina yaro nake jiran wannan rana, na sha ƙiyasta irin daɗin da zan ji. Da ta zo ban ji daɗi ko kaɗan ba. Kunya na ji, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage ya shige, don na san abin da kiran nan ya ci mata, kuma na san a gaban wa ta yi shi.

Muka haye a kan ganguna muka bar komai. Isiya ya yanki daji. Inna ba ta dube ni ba, tana ganin ƙafata ta taka tudu ta juya ta kama hanya, takalminta ɗaya ya maƙale a laka ba ta tsaya ciro shi ba. Na ciro shi na bi ta daga nesa, don ba ni da fuskar da zan jera da ita. Muka shigo ta ƙofar gari, ga maza zaune a bakin shaguna da rediyonsu a gaba yana shuu, sun yi tsit, suna kallon mace da zane jiƙe da laka da takalmi ƙafa ɗaya. Da sun yi dariya ma da ya fi mini sauƙi. Motar 'yan sanda ta wuce mu a guje ta nufi bayan ganuwa, Inna ko waiwaye ba ta yi ba, haka ta ratsa lunguna har gida, ni kuma ina biye da takalmin a hannu.

'Yan sanda sun sami batir da tarkacen waya da gwangwanin madara. Suna ɗaya suka ji, kuma a Katsina in ka tsaya a kasuwa ka kira Lawal rabin maza za su waiwayo. Suka yi 'yan tambaye-tambaye, hayaniyar zaɓe ta taso ta binne zancen. Ni na tsira, aikina na koyarwa ya tsira, na babana ma haka. Shi a ƙofar masallaci ya ji muryar matarsa a rediyon wani mai tireda. Ya shigo gida muna jiran tsawa, sai ya tsaya a bakin ɗakinta ya daɗe, sannan ya ce, "Da kin hwaɗa mani, ai da ni na tahi." Ya juya ya koma zaure. Ni kuwa ya yi makonni ba ya amsa gaisuwata.

Wadda ba ta tsira ba ita ce Inna. 'Yan sanda ba su san muryarta ba, amma matan birni sun sani. A gidan suna na farko da ta je bayan abin, tana shiga wata ta siranta murya ta ce, "Lawal! Lawal!" aka kwashe da shewa. Wasu da wasa suke yi, wasu kuwa da gaske suke cewa ashe kunyar tata ta ganin ido ce, mace ta fita da rana tana shelar ɗan fari gari na ji. Yau wannan ba abin da zai hana mace barci ba ne, amma ita da alkunyarta aka san ta, ita ake nuna wa amare a ce su yi koyi. Ta dawo gida ta ninke mayafin unguwa ta sa a ƙasan adaka. Ta yi shekaru ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna, har auren 'yar ƙanwarta aka yi ba ta leƙa ba. Duk lokacin da na ji guɗa a unguwa na ga Inna zaune ita kaɗai tana tsince shinkafa, sai abinci ya fita raina.

Abin da ya tsaya mini shi ne yadda aka yi ta san ni ne Kyaftin, bayan gwangwani da shaƙe murya. Na tambayi Kaka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wai kai nan ɓoyewa kake? Tun ranar da kuka hwara muka sani. Ba muryarka muka gane ba, uwarka muka gani. Rediyon ga na kan taga, in ana labarai ko waƙa tana huskantar shi. Da mutumin teku ya buɗe baki sai ta juya mashi baya, ta sadda kai, yadda take yi in ka shigo. Mace ta yi ma akwatin rediyo alkunya, sai a tambayi wa ke ciki?" Can na daure na ce, "To ranar da na yi maganar nan fa?" Kaka ta ce, "Tana tankaɗe. Ba ta kashe ba, ba ta juyo ba, ta ji har ƙarshe. Da ka gama sai ta ce, a aje ma wancan hura mai sanyi, yau ya yi magana da yawa, maƙoshi zai bushe mashi." Na tuna furar, na tuna na shanye ta tas ban tambayi wanda ya dama ba.

Na daɗe ina juya yadda zan ba ta haƙuri, don ba a koya mana yadda ɗan fari ke zama ya yi doguwar magana da uwarsa ba. Wata safiya bayan an yi ruwa na je na durƙusa a ƙofar ɗakinta, na ce, "Inna, ki yahe mani." Tana ninke kaya, ta ba ni baya. Na ga hannunta ya tsaya a kan zanen, ya daɗe bai motsa ba. Ƙanwata tana shara a tsakar gida, sai Inna ta ɗaga murya kaɗan ta ce da ita, "Ke, ce ma wancan ya tashi, ƙasa da sanyi."

Ta rayu har ta ga jikokina, kuma ba ta sake kiran sunan ba, ko a ciwonta na ƙarshe da nake zaune a gefen gadonta ina mata fifita. Yanzu gidana cike yake da masu kiransa. An sa wa jikana sunana, shi ne kuma ɗan farin uwarsa, tana ƙwala masa kira daga safe har dare, ba na hana ta, zamaninta ne. Sai dai duk lokacin da ta kira, ni nake fara jin ruwan kududdufi a gwiwata. Sunan da na yi wa gari shela a kansa ga shi nan a banza, kowa na da shi a baki. Tun ranar da muka kai Inna makwancinta ba a sake ce mini wancan ba, kuma shi nake kasa kunne in ji.